Zabin Ƙofar Baya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa tuwo a gidan shugaban kwalejinmu kafin a kawo mana mace. Kwalejin ƙarama ce, ta horar da malaman firamare, a can wajen Kiru. Waɗanda suka san ta sun san ta. Shugabanni uku na dafa wa abinci, duk maza, kuma a zamaninsu ban taɓa ganin an nemi wani abin kirki ta ƙofar ofis ba. A ofis sa hannu kawai ake yi. Magana kuwa a kicin ɗina ake gama ta.

Ga yadda abin yake. Mutumin ƙauye ba ya tsayawa gaban babban mutum ya ce ina son kaza. Rashin kunya ne, kuma in aka ce masa a'a ido da ido, shi da wannan gida sun rabu ke nan. Saboda haka idan lokacin ɗaukar ɗalibai ya matso, uba sai ya yi zamansa a gida ya tura uwar yaro. Ita kuma ta kamo zabuwa, ta yagi bakin tsohon zaninta ta ɗaure mata ƙafa, ta hau achaɓa, ta zagayo ta bayan gidan shugaba inda wata 'yar ƙofar langa-langa take, ta faɗo kicin. Matar shugaba na zaune a tabarma. A gaisa, a tambayi gajiya, a tambayi damina, a ajiye zabuwa a gindin turmi kamar ba tare aka zo ba. Sai an miƙe za a tafi, an zura takalmi ƙafa ɗaya, sannan a ce af, ga yaron nan ma ya gama sakandare yana zaune. Iyakar maganar ke nan. Matar shugaba ta jira maigida ya ci ya ƙoshi, ya wanke hannu, ya fara sakace, sannan ta saka masa zancen. In ya yiwu, madalla. In bai yiwu ba, babu wanda ya ji kunya, zabuwa dai ta riga ta shiga miya. Ni ke fige su, na san abin da nake faɗa.

Ni ma ina da tawa buƙatar. Ban taɓa zama a aji ba sai da na haura talatin, bayan maigidana ya rasu, 'ya'yana biyu kowacce tana ɗakinta. Haushi ne ya kai ni. Matar shugaba na biyu takan rubuta mini cefane a takarda in kai wa mai tumatir, shi kuwa ya ɗaga murya yana karantawa kamar mai sanarwa a rediyo, 'yan kasuwa na dariya. Ranar da ya ƙara da karanta abin da ba a rubuta ba, na zubar masa da tire, na wuce kai tsaye ajin yaƙi da jahilci. Daga nan na yi ta ja, har na zauna jarrabawar sakandare tare da sa'o'in 'ya'yana, sau biyu. Takarduna suna cikin leda, ledar tana cikin samira, samirar tana ƙarƙashin gado saboda ɓera. Abin da nake so ɗaya ne: in shiga kwalejin nan da nake ciyar da shugabanninta, in fito malama. Shekarata arba'in da ɗaya a lokacin, idona ya fara ƙin ƙananan rubutu, na san in bana ta wuce ni, ba wata baɗi. Matar shugaba na uku ta yi mini alkawari za ta saka baki. Sai aka wayi gari an canza wa mijinta wurin aiki. Ta tafi da alkawarinta a mota, haɗe da tukwanena biyu.

Wadda aka kawo mana gajeriya ce, siririya, tabarau rataye a wuya da zare, takalminta na roba irin na masu zuwa gona. Ita ce mace ta farko da ta riƙe kwalejin, kuma daga Bebeji har Doguwa ni dai ban taɓa jin macen da maza masu digiri ke miƙewa in ta shigo ba sai ita. Hajiya muke ce mata. Tarihinta a bakin mijinta na ji shi daga baya. 'Yar tela ce daga wani ƙauye a ƙasar Tudun Wada, ita kaɗai ce mace a ajinsu, a bakin ƙofa ake shimfiɗa mata buhu ta zauna, ita ruwan sama ke fara duka kuma ita ke fara ba da amsa. Ta daɗe tana koyarwa a ƙauyukan Doguwa, inda in rafi ya kawo sai ta ɗora littattafai a ka ta tsallaka.

Ranar da ta zo, kafin ta ga ofishinta sai da ta sa aka kai ta banɗakin ɗalibai mata, manyan malamai na biye da ita sun toshe hanci da hannun riga. Kujerar shugaba ta yi mata tsawo, ƙafafunta na lilo, ta hana a sayo wata, ta jawo kwalin alli ta taka. Takan shiga aji ta zauna a bencin baya ba sanarwa, har malaman da ba a ganinsu sai rana ta take suka koyi karin kumallo da wuri. Ta sa aka naɗe kafet ɗin ofis, wai mutane na ɓata rabin safiya wajen cire takalmi da tsugunno. Sannan ta sa benci biyu a baranda, aka yi shela a kasuwa da masallatai cewa duk mai buƙata ya zo ranar Talata da safe ya faɗa mata da bakinsa.

Talatar farko akuya ce ta kwanta a bencin. Ta biyu ma ita ce. Mutane sun ji shelar sarai, sun ɗauka irin maganar nan ce ta fatar baki, kamar ka tarar da mutum yana cin abinci ya ce maka bismillah.

Abin da ya dami kowa shi ne ƙofar baya. Ƙofa na nan, turmi na nan, tabarma na nan, babu matar shugaba. Rajistara da kansa, dattijon da ke haɗa sunayen ɗalibai, ya leƙo kicin ya tambaye ni cikin raɗa ko Hajiya ta faɗi wanda zai riƙe cikin gida. Ya ce sun tattauna a ɗakin malamai har an kusa ba hammata iska, kuma masu rinjaye na ganin tunda shugaba mace ce, to matar shugaba shi ne mijinta.

Mijin nata, Malam, tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya, mutum mai sanyi, kullum yana gindin mangwaro da rediyonsa. Mata suka zo suka tarar da namiji, suka gaishe shi daga nesa suka juya da zabinsu. Sai wasu iyaye maza suka daure suka zo da kansu. Malam ya ji daɗi ƙwarai. Duk wanda ya zauna, kafin ya kai ga zancen yaro, Malam ya tambaye shi yadda yake adana masararsa, daga nan sai bayani kan ƙwarin rumbu har a kira azahar. Wani mutumin Badafi ya zo nema wa ɗansa gurbi sau uku, ya koma gida ya rushe rumbunsa ya sake gini. Malam bai taɓa sanin mutumin yana da ɗa ba.

Wadda ta warware wa jama'a matsalar wata tsohuwar Bafulatana ce daga Falgore. Ta shigo wata rana ina tsaka da tuƙi, zabuwa a hammata. Ta dubi tabarma babu kowa, ta dube ni, ta dubi muciyar hannuna. Ta tambaye ni wa ke dafa wa shugaba abinci, na ce ni. Wa ke sanin ta ƙoshi? Ni. Wa ke gane ranar da ta tashi da fushi? Na ce ai duk wanda ke gidan nan, amma ni ce kan gaba. Sai tsohuwa ta zauna a tabarma ta gyara zama.

"To ai ke ce. Sannu Uwargida, ya gida, ya maigidan?"

"Inna, ni 'yar aiki ce. Babu wanda ya ɗaura mini aure da kowa a gidan nan."

"Ni ma ban ce a nuna mini sadaki ba. Mai muciya na zo nema, na kuwa same ta."

Ta tambayi gajiya, ta tambayi damina, ta ajiye zabuwa a gindin turmi. Ta miƙe, ta zura takalmi ƙafa ɗaya, ta ce af, ga jikarta nan ta gama sakandare, ita ce ta farko a rugarsu, so suke ta dawo ta koyar da yaransu. Kafin in sauke tukunya in bi ta da tsuntsuwar, ta riga ta kai bakin hanya. Tsohuwar da ta saba bin shanu ba a kamo ta da gudu. Kafin Juma'a labari ya kai Doguwa cewa an samu uwargida.

Mata suka dinga zuwa. Na yi faɗa, na yi rantsuwa, na taɓa korar wata da tsintsiya, ta fita tana cewa uwargidan bana mai zafi ce amma irinsu ne maganarsu ke shiga. Ni kuwa na san Hajiya ko ƙwai ba ta karɓa. A gabana ta mayar wa wani ɗan kwangila buhun shinkafa, ta tsaya sai da ya ɗora a kansa. In na yanka zabin, za ta gani a miya. In na faɗa mata, ta iya sallamata, tawa buƙatar ta mutu a cikin samira. Sai na dinga zuba su a sito bayan kicin. Kowacce nakan kwance mata ƙafa ɗaya in bar tsumman a ɗayar, don ni ba na manta zanin mace. In na ga tsumma, na ga mai shi.

Wanda ya taɓa kiwon zabi ya san ba a ɓoye su. Ɗaya ta fara kuka, sauran su karɓa, kamar an taɓa gidan 'yan biki. Duk sanda Hajiya ta dawo cin abincin rana sai in hau dukan turmi babu komai a ciki, har ta gama ta fita. Ta taɓa tambayata me nake ta daka haka da ba ta ganinsa a miya, na ce yaji.

Na so in isar da saƙon mutane, Allah ya sani. Na ga yadda matan shugabanni uku suka yi, na san dabarar. Amma Hajiya ba ta ci irin na masu ƙoshi. Da cokali take ci, fayil a gefen faranti, ta ci rabi ta ture, ba ta sakace, ba ta jingina. Babu ɗan lokacin nan da ake saka zance. Rannan dai na tsaya da buta ina zuba mata ruwan wanke hannu, na ce af, ranki ya daɗe, wata tsohuwa ce daga Falgore. Ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce Talata.

Ba zan yi muku ƙarya ba, sarautar ta yi mini daɗi. A sunan gidan wani malami aka ba ni kujera mai katifa da cinyar rago. Matan malamai suka zaɓe ni shugabar ƙungiyarsu ba na wurin, don tun kafuwar kwalejin matar shugaba ce ke riƙewa. Mai tumatir ɗin nan ya koma miƙewa in na zo, ni kuwa in ƙyale shi a tsaye in yi ta zaɓe a hankali. Amma in na koma ɗaki na buɗe samira sai raina ya ɓaci. Kowa a ƙasar nan yana da uwargidan da zai kai wa kuka ban da ni. Rajistara ya fara haɗa sunaye, ni kuma ina zaune a kan ƙofar da ya kamata in bi.

Sai ranar kasuwa na je na zaɓi zabuwa mafi ƙiba. Na yagi bakin shuɗin zanina na ɗaure mata ƙafa. Na hau achaɓa na ce ya sauke ni ta baya. Na tura ƙofar langa-langa na yi sallama, babu kowa, na amsa wa kaina. Na ajiye ta a gindin turmi, na zauna a tabarma na ɗan jima. Na miƙe, na zura takalmi ƙafa ɗaya, na ce af, ga ni nan ni ma na gama sakandare ina zaune. Sannan na ɗauke ta na kai sito wurin 'yan uwanta. Ku yi dariya in kuna so. Ranar hankalina ya kwanta, don na yi abin da ake yi.

Asirina ya tonu ne ranar da baƙi suka zo daga Kano, manyan ma'aikatan ilimi, su ga yadda mace ke riƙe kwaleji. Aka shirya musu abincin rana a gindin mangwaro. Kujeru suka kasa, Malam ya ce bari ya ɗauko ƙari a sito. Ina riƙe da kwanon miya, na buɗe baki, amma ya riga ya zare sakata.

Zabin sun fi talatin, kuma sun yi makonni ba su ga rana ba. Wasu suka yi kan rufi, wasu kan mangwaro, wasu suka bi ta kan tebur a guje, kowacce da tsumma mai launi yana kaɗawa a ƙafa. Ɗaya ta sauka a tsakiyar shinkafa ta tsaya tana duban jama'a. Babban baƙon ya dafe hularsa, ya juya wurin Malam ya tambaye shi mene ne wannan. Bawan Allah, tun da ya yi ritaya babu wanda ya yi masa tambaya a fanninsa. Ya dubi tsummokaran, fuskarsa ta washe, ya ce ai wannan alama ce da ake yi don bambance iri, kuma duk wanda ya yi ta ya san aikinsa. Ya shiga bayanin kiwon zabi tun daga ƙwai. Baƙi suka yi ta gyaɗa kai. Babbansu ya ce ka ji amfanin mace, wata biyu da zuwanta har ta kafa wa ɗalibai gonar kiwo, lallai wannan zai shiga rahoto. Hajiya ta sa tabarau, ta dubi zabin, ta dube ni sau ɗaya. Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Bayan la'asar, baƙi sun tafi, ta shigo kicin, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zauna a kan tabarmar nan. Na faɗa mata komai, ban da zancen tawa zabuwar. Ina jiran ta ce in haɗa kayana. Sai ta ce Talata nawa ta yi tana zaune ita da akuya, ashe ofishinta a nan yake ba ta sani ba. Ta tambaye ni ko na san mai kowacce, na ce na sani. Ta ce to kowacce ta koma gidansu. Na ce ranki ya daɗe, mayar da kyauta a ƙasar nan zagi ne. Ta ce shi ya sa ba aike za a yi ba, ni zan je da ƙafata a motar kwaleji, in gaisa yadda ake gaisawa, in ce zabuwa ta zo ta gaida shugaba, shugaba ta amsa, mai ita ta zo ranar Talata da yaro da takardunsa. Washegari ta rubuta wa baƙin cewa babu wata gonar kiwo. Suka aiko da amsa suna yaba mata rashin son nuna kai.

Kwana biyu muka yi muna kamun zabi, ni da Malam da tsohon direban kwaleji. Kwana huɗu muka yi muna rabo a bayan a-kori-kura. Wasu tsummokaran sun kwance wurin gudu, a nan aka sha rigima. Wata a Bebeji ta ce tata mai ƙwai ce, wannan kuwa namiji ne, kuma ita ba a taɓa canza mata tsuntsu a gidan shugaba ba sai zamanin mata. Wata a Badafi ta karɓi biyu ba ta ce komai ba. Mafi yawa kuka suka sa, don a wurinsu zabuwar da ta dawo da rai amsa ce, kuma amsar a'a ce. Sai na yi ta rantsuwa cewa ba a ƙi ba, ba a ma tambaya ba tukuna.

Falgore muka je ƙarshe, ta wata hanyar daji da ta kusa cinye mana taya. Tsohuwa ta fito daga bukka, ta ga abin da ke hannuna, ta mayar da hannayenta baya.

"Uwargida, in yarinyar ba ta samu ba ki faɗa mini da baki. Ba sai kin haɗo ni da tsuntsu ba."

Na ce mata babu wanda ya hana, ita ce za ta je ta tsaya gaban shugaba ta faɗa da kanta.

"In ta ce mini a'a fa, a idona?"

"Sai ki ji a'a ki dawo gida, Inna. Ba mutuwa za ki yi ba."

Na faɗa da ƙarfi, irin yadda nake faɗin komai. Sai da muka hau hanya, na ji tawa zabuwar tana kuka ita kaɗai a bayan mota, sannan na ji kunyar bakina.

Muka iso gida Litinin da yamma. Hajiya ta fito ta leƙa motar, ta ga saura ɗaya mai shuɗin tsumma. Tsautsayi, ranar shuɗin zanin ne a jikina. Ta dubi ƙafar zabuwa, ta dubi bakin zanina inda ya yage. Ta tambaya wannan ta wace ce. Na ce mai ita ba ta gida. Ta ce to in ta dawo in gaya mata gobe Talata, kuma ta gaba ake shiga.

Da safe na dama mata koko, na yi wanka, na ɗauki ledata. Na fita ta ƙofar langa-langa na zagaye katanga gaba ɗaya, tafiyar da ban taɓa yi ba a shekara goma sha ɗaya. Baranda ta cika, benci ya kasa, akuya na tsaye a rana tana kallon waɗanda suka ƙwace mata wuri. Mata da yawa sun zo da zabinsu a hammata, ko da za a canza shawara. Da suka gan ni suka miƙe suna buɗa mini hanya, sun zaci rakiya na zo yi musu. Na wuce can ƙarshen layi na zauna a ƙasa. Tsohuwar Falgore ta leƙo ta bayan jikarta.

"Uwargida, ke kuma wa kike jira?"

"Layi nake bi, Inna."

"Ke da gidanki?"

Ta riƙe baki. Ta juya ta gaya wa na kusa da ita cewa in dai uwargida da kanta na bin layi, to ƙofar baya ta mutu, kowa ya nemi abin da zai faɗa. Maganar ta bi benci har ta kai ƙarshe. Ni dai a ganina wannan zaman nawa a ƙasa ya fi shelar kasuwa aiki.

Sai wajen azahar layi ya zo kaina. Hajiya na zaune, ƙafa a kan kwalin alli. Ta ce bismillah baiwar Allah, zauna, me ke tafe da ke, kamar ba kokona ta sha da safe ba. Na gaishe ta. Na tambayi gajiya. Na tambayi damina. Na tambayi mutanen gida, gidan da ni na share shi. Ta amsa duka, tana jira. Sai na miƙe ina laluben takalmi da ƙafa don in zura ɗaya in ce af, na tarar duka biyun suna ƙafata, tunda babu kafet ba a cirewa. Babu inda zan raɓe. Na koma na zauna, na ajiye leda a kan tebur.

"Karatu nake so. So nake in zama malama."

Tun da aka haife ni ban taɓa roƙon babban mutum a idonsa ba sai ranar. Ta buɗe ledar, ta sa tabarau, ta daɗe tana dubawa. Ta ce Hausa ta yi kyau, Turanci ba laifi, amma lissafi na faɗi, kuma sau biyu. Ta ce ba za ta sa sunana cikin ɗaliban bana ba. Haka ta faɗa, tana kallona. Na jira in ji ko zan mutu, ban mutu ba. Na ce mata shekara goma sha ɗaya ina tuƙa tuwo a gidan nan. Ta ce ta sani, tuwon ma yana da daɗi, amma ba ya cikin darussan da ake dubawa. Sannan ta ce akwai ajin share fage na shekara ɗaya, in na ci lissafi a ƙarshensa, gurbina na nan babu mai taɓa shi, kuma za a gyara mini lokacin girki ya bar mini safiya. Ta turo mini takarda da biro. Na sa hannu, na fita ban yi mata godiya ba.

Mako guda ina zabga wa miyarta gishiri. Ta ci abinta da fayil a gefe, ko tari ba ta yi ba. Malam ne ya kasa jurewa, ya same ni a kicin ya yi mini dogon bayani kan yadda gishiri ke kashe ƙasar noma.

A ajin share fage benci ɗaya muka zauna da jikar tsohuwa, ita ma lissafin ne ya kayar da ita. Ta fi ni saurin ganewa, ni na fi ta naci, kuma har muka gama ba ta daina ce mini Uwargida ba. Muka ci, muka shiga. Hajiya ta cika wa'adinta, kuma duk tsawonsa ba a sake ajiye ko ɗan tsako a gindin turmin nan ba. Yanzu ni ke riƙe da aji biyu a wata firamare kusa da Badafi, da tabarau a wuyana, nawa zaren ja ne.

Zabuwata kuwa ta gagari wuƙa. Hajiya ta ce ita ta mayar da kyauta, ba za ta ci ba. Ni kuma na ce uwargida na kai wa, kuma an tabbatar babu uwargida, ba ni da ikon yanka abin wani. Sai ta koma zama a kan rufin gidan shugaba da tsummanta a ƙafa, Malam na watsa mata dawa. Ranar da aka yaye mu, a filin gaban gidan aka yi taro. Hajiya na tsaka da jawabi zabuwar ta ɓarke da kuka, ta ƙi yin shiru, har jawabin ya tsaya. Hajiya ta cire tabarau ta nemo ni cikin layin ɗalibai.

"Malama, taki ce. Yi mata magana."